Karatu da safe, aiki kafin dare: jagorar riƙe Littafi Mai Tsarki a kullum

A sujadar shiga sabuwar shekara mutane da yawa kan ɗaukar wa Ubangiji alkawari cewa bana sai sun karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi. Lissafin ba shi da wuya. Sura 1,189 ce, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabon Alkawari, in aka raba su a kan kwana 365 sai a sami sura uku da 'yan kai a rana. Farawa takan tafi lafiya lau, domin labari ne: ga Nuhu, ga Ibrahim, ga Yusufu da 'yan'uwansa. Fitowa ma haka, har a kai Dutsen Sina'i. Daga nan sai awon alfarwa, kamu kaza tsawo kamu kaza faɗi, sai kuma Littafin Firistoci da dokokin hadayu da na cututtukan fata. Nan galibi ake yada zango wajen farkon Fabrairu, ba a kuma sake tashi. Littafin ya koma kan kabad, sai Lahadi a kaɗe masa ƙura.

Ba lalaci kaɗai ke jawo wannan ba. Kayan ne suka yi wa mai farawa nauyi, kuma an sa ido a kan yawan shafi an bar abin da ya sa ake karatun. A Ezra 7:10 an shaidi mutumin da abu uku a jere: ya sa kansa nazarin shari'ar Ubangiji, ya aikata ta, sa'an nan ya koyar da ita. Na tsakiyar shi ya fi ɓace mana. Saboda haka jagorar nan a kan ƙa'ida ɗaya take tsaye: karatun safe bai cika ba sai ya haifi aiki guda ɗaya wanda za ka iya nunawa da yatsa kafin ka kwanta. Ina cewa “ka” don sauƙin magana ne, amma iyayena mata da 'yan'uwana mata, da ku nake.

Da wanne za ka karanta

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932. Da shi kakanninmu suka tashi, ayoyin da suka haddace duk da Hausarsa suke, sai dai Hausar ta tsufa kuma rubutunta ya bambanta da na yau. Wajen 1980 aka fito da sabuwar fassara, daga baya aka ƙara samun wasu, har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa. Kada sunayen littattafai su ruɗe ka: Yohanna a wata shi ne Yahaya a wata, Misalai shi ne Karin Magana, Yaƙub shi ne Yakubu.

Ka ɗauki wadda kake ganewa ba tare da kana tsayawa a kowane layi ba. Matasa da yawa kan rungumi tsohon Turancin King James don ya fi kwarjini a hannu, alhali rabin abin da suke karantawa wucewa yake ta saman kansu. Harshen da kake faɗa da shi in ranka ya ɓaci, da shi ya kamata Maganar ta same ka. In Hausa ba ita ce harshen gidanku ba, kuma an fitar da Sabon Alkawari a naku, kamar yadda aka yi a Berom da Ngas da Bura, ka ajiye su biyun kusa da juna.

Waya ma ta yi. Manhajar YouVersion tana da Hausa, akwai kuma Sabon Alkawari na saurare ga wanda bai iya karatu ba ko idonsa ya yi rauni. Amma ka sauke littafin a kan wayar tukuna, ka kashe data kafin ka buɗe. In ba haka ba, aya ta uku ba za ta same ka ba sai a cikin WhatsApp.

Lokaci

Minti goma sha biyar ya isa a fara da shi. Abin da ke riƙe shi kuwa shi ne ka ɗaure shi a jikin wani abin da ba ka fashinsa. Wanda ke zaune a unguwar da ake jin kiran sallar asuba, ai ya sami agogo kyauta: maƙwabci ya tashi zuwa masallaci, kai ma ka tashi ka buɗe naka. Uwar gida tana iya yi bayan ta ɗora ruwan wanka kafin yara su farka. Manomi da damina ba ya da safiya, sai ya mayar da shi lokacin hutun rana a gindin itace. Mai aikin dare ya yi kafin ya kama aiki. Ba a ce dole sai asuba ba, amma duk wanda ya bar shi sai ya hau gado, barci ne zai karanta masa.

Ka tanadi ƙaramin littafin rubutu da biro, ka sa su cikin Littafi Mai Tsarkin. Za ka ga amfaninsu a gaba.

Littafi guda, daga farkonsa

Ka daina buɗe Littafin ido rufe kana ɗora yatsa inda ya faɗa. Wannan ya fi kama da ƙuri'a. Ka zaɓi littafi ɗaya gajere ka bi shi daga aya ta farko har ta ƙarshe. Ga mai farawa, ko wanda ya daɗe da yankewa, shawarata ita ce Wasiƙar Yakubu: sura 5, aya 108, kuma kusan kowane sakin layi yana gaya maka abin da za ka yi da hannunka ko da bakinka.

Ranar farko ka karance ta duka a zama ɗaya, ba za ta wuce minti ashirin ba. Wasiƙa ce, kuma ba wanda ke karanta wasiƙar ɗan'uwansa layi ɗaya a mako. Ikkilisiya tun da daɗewa ta ɗauka cewa Yakubu ɗan'uwan Ubangiji Yesu ne ya rubuta ta, wanda muka gani yana yanke magana a taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15, wanda kuma aka kashe a shekara ta 62. Ya rubuta wa masu bi da suka warwatsu a ƙasashe, yawancinsu talakawa, waɗanda attajirai ke ja zuwa kotu. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin zafin sura ta biyar ba.

Daga rana ta biyu sai ka yanka ta kashi goma sha biyu, Litinin zuwa Asabar na mako biyu: 1:1-11, 1:12-18, 1:19-27, 2:1-13, 2:14-26, 3:1-12, sai 3:13-18, 4:1-12, 4:13-17, 5:1-6, 5:7-12, 5:13-20. Lahadi ka bar ta ga wa'azin majami'a da waiwayen abin da ka rubuta cikin mako.

Kowace safiya ka fara da gajeriyar addu'a, jimla biyu ma ta isa, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka. Ka karanta kashin ranar sau biyu, na biyun da murya, ko da can ƙasa-ƙasa ne. Kunne yakan kama abin da ido ya tsallake, kuma waɗanda aka fara aika wa wasiƙar da kunne suka karɓe ta, ana karanta musu a taro. Sa'an nan ka tambayi kanka abu uku. Me wurin nan ya faɗa, in zan gaya wa yaro ɗan shekara goma? Me ya nuna mini game da Allah? Ina ya taɓa ni yau? Kada ka yi tsalle zuwa ta uku, domin wanda bai amsa ta farko ba, abin da ke ransa zai ɗora wa ayar.

Ka duba gaba da baya

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Lambobin sura da aya ba marubutan ne suka sa su ba. Rabon surori da muke bi aikin Stephen Langton ne, wanda ya zama babban bishop a Ingila a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun taimaka wajen neman wuri, amma sun koya mana tsinke aya daga jikin maganar da take ciki.

Ga Ayuba 8:7, mai cewa farkonka ƙanƙane ne amma ƙarshenka zai bunƙasa. Ana liƙa ta a shaguna, ana addu'a da ita a buɗe sabon kasuwanci. Ka koma aya ta farko ka ga mai maganar: Bildad ne, ɗaya daga abokan Ayuba, yana cikin nuna masa cewa 'ya'yansa zunubinsu ne ya kashe su. A sura ta 42 aya ta 7 Ubangiji da kansa ya ce abokan nan ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Ga Irmiya 29:11, alkawarin shirin alheri. Gaskiya ne, alkawari ne mai daɗi, amma aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70 a Babila, kuma a aya ta 5 zuwa 7 an umarci mutanen su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su bauta. Filibiyawa 4:13 kuwa daga kurkuku Bulus ya rubuta ta, kuma aya ta 12 a kan iya zama da yunwa da ƙoshi take magana. Har Zabura 91 da wasu ke buɗewa su sa ƙarƙashin matashi kamar laya, ita Shaiɗan ya jawo wa Yesu a Matiyu 4:6.

Maganin ba shi da tsada. Kafin ka riƙe aya, ka karanta biyar a gabanta da biyar a bayanta, ka san wa ke magana, da wa yake yi, a kan me.

Aikin ranar

Yanzu ka buɗe littafin rubutun nan. Ka sa kwanan wata, ka sa wurin da ka karanta, ka rubuta jimla ɗaya mai farawa da “Yau zan”. Dole jimlar ta ƙunshi mutum ko wuri ko lokaci. “Zan ƙara ƙaunar mutane” ba aiki ba ne, fata ne, ba wanda zai iya cewa ka yi ko ba ka yi ba, har kai kanka.

Mu ɗauki Yakubu 5:1-6. A aya ta 4 Yakubu ya ce ladan ma'aikatan da suka girbe gonakinku, wanda kuka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Abu mai sauƙi ne mutum ya karanta wannan ya tuna da gwamnatin da ta riƙe albashi ko wani attajirin garinsu, ya girgiza kai ya rufe littafi. Ka tsaya tukuna. Yaran da suka yi maka kwana biyu suna karyar masara, da yamma suka tsaya a ƙofar gida hannuwansu duk ƙaiƙayi, ka leƙo ka ce su dawo ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zo ka ce masarar ba ta yi kuɗi ba tukuna, an biya su? Telar da ta ɗinka ankon zumuntar mata tun kafin Kirsimeti fa? Bakanike, mai wanki, yarinyar da ke taya aikin gida, malamin da ke koya wa yara darasi da yamma? Jimlar ranar ta zama: “Yau kafin azahar zan kai wa wane kuɗin aikinsa.” In kuɗin babu, sai ta zama: “Yau zan kira shi in ba shi haƙuri, in faɗa masa ranar da zan biya, in kuma ba shi abin da ke hannuna.” Littafin Firistoci da muke gudu ma ya faɗi wannan a 19:13, cewa kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka.

A Yakubu 2:1-13 ga mutum mai zoben zinariya da tufafi masu ƙyalli ya shigo taro an ba shi wuri mai kyau, talaka kuma an ce ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Duk wanda ya taɓa halartar godiyar kaka ko taron tara kuɗin gini ya ga wannan da idonsa. Ba lallai kai ne mai raba kujeru ba, amma kana da waɗanda kake rugawa ka gaisar bayan an tashi, da waɗanda shekara uku kuna sujada tare ba ka san sunansu ba. Aikin sai ya zama: ranar Lahadi zan fara gaisuwa daga bencin baya, in tambayi sunan dattijuwar nan mai zama kusa da taga.

A 2:14-26 kuwa ɗan'uwa ba tufa ba abinci, sai a sallame shi da fatan alheri. Mu ma muna da namu: “Allah ya kawo sauƙi,” “za mu sa ku a addu'a.” Addu'a ba laifi ba ce, amma in akwai hatsi a rumbu, jimlar ranar ita ce mudu biyu zuwa gidan gwauruwar nan ko iyalin da rikici ya koro suka raɓe a unguwarku, kuma da yamman nan, ba wata rana ba.

Sura ta uku a kan harshe take, da linzamin doki da 'yar ƙaramar wutar da ke cinye kurmi. Kada ka rubuta “zan kame bakina,” ba zai kamu ba. Ka san inda kake faɗuwa: teburin mai shayi ne, ko hanyar dawowa daga koyon waƙa, ko zauren WhatsApp na dangi. Ka rubuta: “Yau in an ɗauko zancen wance zan faɗi alherinta ɗaya ko in tashi,” ko kuma “Yau ba zan tura saƙon da ban tabbatar da shi ba.” A garuruwan da jita-jita ta sha tayar da hankali, wannan na biyun ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba kowane wuri ne ke ba da aikin hannu ba, kuma kada ka matsa masa. A 1:17, inda aka ce kowace kyakkyawar baiwa daga sama take, aikin shi ne ka lissafa abu biyar da sunansu ka yi godiya. A 1:5 ka ambaci ainihin matsalar da kake neman hikima a kanta, ko ta auren 'yarka ce ko ta rabon gado, ka roƙa. Wata rana aikin tuba ne, wata rana riƙe alkawari ne a zuciya har dare.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ayar taka ce. Maigida yakan haddace Afisawa 5:22 a kan biyayyar mata, uwargida kuma ta haddace aya ta 25 a kan ƙaunar maza, kowa ya riƙe wasiƙar da ba shi aka aika wa ba. In ka ji kana cewa “da ma wane yana nan ya ji wannan,” ka sake karantawa. Na biyu, ayyukan nan ba kuɗin sayen ceto ba ne. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, saboda tsoron a fahimce ta haka ne ya taɓa rage darajar wasiƙar Yakubu a 1522, ya kwatanta ta da ciyawa. A ganina ya yi mata tsanani. Afisawa 2:8-10 ta jera abin daidai: ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, amma an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Wanda ya biya ɗan ƙwadago bai ƙara wa cetonsa komai ba, ya dai nuna cewa bangaskiyarsa tana numfashi.

Da dare, da kuma tare da wasu

Kafin ka kwanta ka buɗe littafin rubutun, minti biyu. In ka yi, ka sa alama ka gode wa Allah. In ba ka yi ba, ka rubuta dalili a gaskiye, ka mayar da shi aikin gobe, kada ka ɗora sabo a kansa. Bashin da ya kwana uku yana dawowa a shafi, shi ne ainihin inda Maganar ke neman ka.

Ka nemi mutum ɗaya da za ku riƙa bin kashi ɗaya, mace da mace, namiji da namiji, ko miji da mata. Sau ɗaya a mako ku tambayi juna: me ka rubuta, ka yi? A gida kuma, kashin da ka karanta da safe shi za ka kawo a addu'ar iyali da dare. Yaro ɗan firamare ya karanta, kaka da ba ta yi boko ba ta faɗi abin da ta ji, sau da yawa ita za ta fi kowa kamo bakin zaren. Kada ta zama wa'azin minti arba'in, yara za su tsane ta.

Za ka yi fashi, wannan babu makawa: rashin lafiya, tafiya, zaman makoki. Kada ka ce sai ka rama kwana biyar a zama ɗaya. Ka ɗora daga inda ka tsaya, sannu ba ta hana zuwa. Za ka kuma ci karo da abin da ba ka gane ba, kamar shafa mai ga marar lafiya a Yakubu 5:14 ko hana rantsuwa a 5:12. Ka sa alamar tambaya a gefe, ka kai wa fasto ko dattijo ko ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako. Mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni 8 ma'ajin sarauniya ne, amma bai ji kunyar ce wa Filibus ba zai gane ba sai an bayyana masa. Amsar da aka ba ka kuma ka koma ka auna ta da Nassi, yadda mutanen Biriya suka yi da wa'azin Bulus kansa a sura ta 17.

In ka gama Yakubu, ka shiga Markus, sura 16, ka raba kowace sura biyu ko uku, zai kai ka wajen wata ɗaya da rabi. Bayansa Filibiyawa, sai Rut, sai Farawa, kana haɗawa da Zabura ɗaya a ranar da zuciya ta yi nauyi. Karin Magana sura 31 ce, tana dacewa da kwanakin wata. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari yana iya ɗaukar Sabon Alkawari gaba ɗaya: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ya ba da 260 cif. Littafin Firistoci kuwa ka bar shi sai ka karanta Ibraniyawa, musamman sura ta 9 da ta 10, sa'an nan ka karanta su gefe da gefe, sura ta 16 ta Firistoci a kan Ranar Kafara tare da Ibraniyawa 9.